Kujerar Da Aka Bari Babu Kowa

Duk wanda ya bi ta Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 a Ikko da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safe, ko ya ratsa Sabo ta Badun ko ta Shagamu, zai ga yara sanye da kayan makaranta suna ta sauri kada a rufe ƙofa su sha bulala. A cikinsu kuwa akwai 'ya'yan 'yan Arewa masu yawan gaske, waɗansunsu a nan aka haife su, a nan aka haifi iyayensu, Yarbanci a bakinsu kamar Hausa. Wannan abin a gode wa Allah ne, domin a da ba kowane uba ne ke yarda ɗansa ya taka ƙofar makarantar boko a Kurmi ba.

Amma in mutum ya koma wannan makaranta ran da hedimasta ya kira taron iyaye, ko ran da kwamitin makaranta ya zauna, sai ya tarar labari ya sha bamban. Yara suna aji, iyayensu kuwa babu ko ɗaya a zauren taro. An ajiye kujera, ba wanda ya zo ya zauna. A wannan zama ne a ke yanke irin tufafin da yarinya za ta sa, da lokacin da za a tashi ran Juma'a, da abin da za a yi wa yaron da ya yi wata biyu bai zo ba. In an gama yankewa sai a aiko da takarda gida, uba ya ba wani ya karanta masa, ya yi tsaki, ya ce ai dama ba a son baƙi. To, wa ya hana shi zuwa?

Ra'ayin wannan shafi shi ne, makaranta ba ta gyaruwa a hannun mutum ɗaya, ko da kuwa shi ne hedimastan da ya fi kowa sanin aiki, kuma lokaci ya yi da 'yan Arewa mazauna Kudu za su je su cika kujerar da tsarin ilmi na ƙasa ya riga ya ba su. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki. Wanda bai sa hannu a jinka ba, ba shi da bakin cewa an ɗora ta a karkace.

Yana da kyau a waiwaya a ga yadda aka yi aka zo nan. Kafin gwamnati ta shiga harkar ilmi gadan-gadan, yawancin makarantun Kudu jama'a ne suka kafa su da guminsu: 'yan mishan, da ƙungiyoyin garuruwa, da ƙungiyoyin Musulmi. A shekarar 1923 waɗansu matasan Musulmin Yarbawa suka kafa ƙungiyar Ansar-ud-Deen a Ikko, saboda tsoron da iyaye ke yi na kada yaro ya shiga makarantar mishan ya fito ya bar addininsa. Suka haɗa kuɗi, suka naɗa kwamitoci, suka gina makarantun da a ke koyar da boko da addini tare. Sa'ad da Gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ilmin firamare kyauta a watan Janairu na 1955, ta tarar da mutanen da suka riga suka saba da ɗaukar makaranta a matsayin tasu.

Bayan yaƙin basasa sai al'amari ya juya. A shekarar 1970 Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe makarantu daga hannun 'yan mishan da sauran masu su, sauran jihohi kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. A watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau U.P.E. Yara suka yi ambaliya fiye da yadda aka yi lissafi, aka yi ta gina azuzuwa da horar da malamai cikin gaggawa. Babu shakka shirin ya buɗe ƙofa ga miliyoyin 'ya'yan talakawa. Haka kuma Alhaji Lateef Jakande, a mulkinsa na Jihar Legas daga 1979 zuwa 1983, ya gina azuzuwa birjik, ya kawar da tsarin nan na karatun safe da na yamma da a ke yi saboda ƙarancin wuri.

Sai dai wani abu ya salwanta a hanya. Makarantar da a da a ke kira ta unguwa ta koma makarantar gwamnati, kayan gwamnati kuwa kowa ya san yadda a ke riƙonsu a ƙasar nan. Da kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, rufi ya fara yoyo, albashin malamai ya fara jinkiri, sai iyaye suka naɗe hannu suna jiran Ma'aikatar Ilmi, ita kuwa Ma'aikata tana jiran kasafin kuɗi. Hedimasta ya zama shi ne wuƙa shi ne nama: ba ya amsa tambayar kowa sai ta sufeto, sufeton kuma ba kullum ya ke zuwa ba.

Gwamnatoci da kansu sun gane wannan kuskure. Jihar Legas ta mayar da makarantun sakandare 48 ga ƙungiyoyin da suka kafa su a shekarar 2001. Jihar Anambra, a zamanin Gwamna Peter Obi, ta mayar da makarantun firamare fiye da 1,000 ga majami'u a 2011. A matakin tarayya kuma an ƙaddamar da shirin U.B.E. a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, wadda ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Tun daga 2006 kuma, bisa shawarar Majalisar Ilmi ta Ƙasa, aka umarci makarantun gwamnati su kafa kwamitin gudanar da makaranta na jama'ar unguwa, wanda aka fi sani da S.B.M.C. Daga 2008 zuwa 2017 wani shiri mai suna ESSPIN, da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa, ya horar da irin waɗannan kwamitoci a jihohi shida: Legas, Inugu, Kwara, Kaduna, Kano da Jigawa. Ashe ke nan abin ba baƙo ba ne ko a can gida.

Wannan kwamiti daban ya ke da ƙungiyar iyaye da malamai da aka saba da ita, wadda sau da yawa ba a tuna ta sai za a karɓi kuɗi. An tsara shi ne ya ƙunshi hedimasta, da wakilan malamai, da wakilan 'yan makaranta, da na iyaye, da na tsofaffin ɗalibai, da na mata, da na masu sana'ar hannu, da na addinai, da wakilin sarautar gargajiya. Aikinsa shi ne ya zauna ya tsara abin da makaranta ta fi bukata a shekara, ya duba zuwan yara da zuwan malamai, ya sa ido a kan duk kuɗin da ya shigo, ya nemo yaran unguwa da ba su zuwa, ya kuma kai kukan makaranta ga hukumar ilmi ta ƙaramar hukuma da ta jiha. Ba shi ke ɗaukar malamai ba, ba shi ke rubuta manhaja ba. Amma abin da ya rage a hannunsa ba kaɗan ba ne, kuma a tsarin babu inda aka ce sai ɗan asalin gari.

Me ɗan Arewa zai kai wannan zama? Zai kai abin da hedimasta bai sani ba, domin mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Malama tana ganin yaro ya ɓace daga aji mako shida, ta rubuta a rajista cewa ya gudu, alhali kuwa uwarsa ce ta tafi da shi gida Sakkwato ko Katsina wankan jego ko hidimar biki, babu wanda ya gaya wa iyayen cewa akwai takardar neman izni, ko cewa jarrabawa na tafe. Yarinya tana gyangyaɗi a aji, a ce malalaciya ce, alhali tun asuba ta yi karatun allo, da yamma ga Islamiyya, da dare ga talla. Uba ya kai ɗansa rajista, an ce ya kawo takardar haihuwa, ba shi da ita, ya ji kunya ya koma, yaro ya ƙare a tura baro a kasuwa. Yara suna kiran ɗan'uwansu "aboki" da sigar ba'a har ya tsani makaranta, malami bai ma lura ba. Ga batun sallar Juma'a, ga na wasannin motsa jiki a watan azumi. Duk waɗannan abubuwa ne da mutum biyar masu hankali za su iya warwarewa a zama ɗaya, in dai a cikin biyar ɗin akwai wanda ya san yadda gidajen Sabo su ke.

Akwai kuma batun harshe. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koya wa yaro karatu da harshen uwa ko harshen mutanen wurin da ya ke zaune, a 2018 kuma Jihar Legas ta yi dokar da ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantunta. Yaron da ya tashi a Agege wannan ba zai dame shi ba, hasali ma riba ce gare shi. Amma wanda aka kawo daga ƙauye yana ɗan shekara takwas, ba Turanci ba Yarbanci, sai ya zauna a bayan aji kamar kurma. Kwamitin da ke da Bahaushe a ciki zai iya neman a zaunar da irin wannan yaro kusa da mai jin harsunan biyu, ko a samo wani matashin unguwa mai ilmi ya riƙa taimaka musu bayan an tashi. Abu ne mai sauƙi, amma sai an faɗa a ke sani.

Wanda ke shakkar amfanin zama a teburi ɗaya, ya tuna da shari'ar hijabi a Jihar Legas. Babbar Kotun jiha ta goyi bayan hana sa hijabi a makarantun gwamnati a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci a 2016, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi 'yancinsu a watan Yuni na 2022. Gaskiya ta yi halinta, amma sai bayan shekara takwas, yaran da aka fara maganar a kansu sun riga sun gama makaranta. Hukuncin kotu kuwa bai faɗi launin hijabi ko tsawonsa a kowace makaranta ba, bai kuma koya wa mai gadi yadda zai yi magana da yarinya a bakin ƙofa ba. Waɗannan sai a zauren makaranta, tsakanin mutanen da suka san juna.

Uzurin da a ke bayarwa an san su. Na farko, wai babu lokaci, kasuwa ba ta jira. Gaskiya ne mai sayar da tumatir a Mile 12 ba zai bar motar kaya da ƙarfe goma na safe ya tafi taro ba. Amma ai ba a ce kowa da kowa ya je ba. Unguwar da ba ta rasa mutum hamsin da za su raka gawa ko su cika ɗaurin aure ba, ba za ta rasa mutum biyu da za su zauna sa'a biyu sau ɗaya ko sau biyu a zangon karatu ba.

Na biyu, wai ba a jin Turanci. A kowace Sabo yau akwai samari da 'yan mata da suka gama sakandare, har da masu digiri, waɗanda ke jin Hausa da Yarbanci ko Ibo da Turanci. Dattijo ya tafi da hankalinsa, yaro ya bi shi da harshe. Da haka a ke cinikin shanu tun kaka da kakanni.

Na uku, kuma shi ne mafi muni, wai "mu baƙi ne, gida za mu koma." An kafa Sabo ta Badun tun 1916. Mutumin da kakansa ke kwance a maƙabartar garin, wane irin baƙo ne? Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ya rubuta littafi da ya fito a 1969 a kan yadda Hausawan wurin suka riƙe fataucin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu bisa amana da bashi, ta hannun masu gida da dillalai da Sarkin Hausawa, ba banki ba lauya. Mutanen da suka iya wannan tsari ba za a ce ba su iya zaman kwamiti ba. A dubi kuma Ibo da suka zauna a Sabon Garin Kano: ta hanyar ƙungiyarsu suka haɗa kuɗi suka kafa wa 'ya'yansu makarantu a garin da ba nasu ba. Ba su jira sai sun koma gida ba, domin sun san yaro ba ya daina girma don ubansa yana shirin tafiya.

Addini ma bai bar wa kowa mafaka a nan ba. A cikin Alƙur'ani mai girma akwai sura guda da aka sa wa sunan shawara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karɓi shawarar Salmanul Farisi, mutumin da ya zo daga wata ƙasa, aka haƙa ramin da ya kare Madina. In shugaban halitta ya saurari baƙo, to babu hedimastan da ya fi ƙarfin sauraro, babu kuma baƙon da ya kamata ya raina shawararsa.

Wannan ya kawo magana kan shugabannin makarantu, domin su ma suna da nasu laifin. Akwai hedimastan da ke rubuta sunayen abokansa ya aika ofis ya ce ga kwamiti. Akwai wanda ke kiran taro bayan ya gama yanke magana, don kawai a sa hannu. Wannan ba shawara ba ce, kuma jama'a ba yara ba ne, in sun zo sau ɗaya sun ga haka ba za su sake zuwa ba. Shugaban da ke son a taya shi da gaske, ya sa taro a lokacin da 'yan kasuwa za su iya zuwa, ya aika da sanarwa ta hannun limami da mai unguwa ban da ta jakar yara, ya yarda a yi tafinta, ya kafa lissafin kuɗi a allo kowa ya gani. Ya kuma fara da malamansa, domin malamin da ba a taɓa tambayarsa ra'ayi a kan jadawali ba, ba zai ga dalilin tambayar iyaye ba. Hedimastan da ya raba nauyi ba ya rasa girma. Ran da iska ta yaye rufi, wanda ke da kwamiti yana da mutum goma sha da za su bi shi ofishin ƙaramar hukuma, wanda ba shi da shi kuwa sai ya tafi shi kaɗai da takarda a hannu.

Kada kuma a manta da mata. Uwa ce ta san ko yaro ya karya kumallo, ita ce ke yanke ko yarinya za ta ɗauki jaka ko faranti. An ware wa mata kujeru a kwamiti, amma a unguwannin Hausawa su ne suka fi zama babu kowa. Inda al'ada ba ta bari matan aure su shiga taron maza ba, akwai makarantun Islamiyya na matan aure da ke cika kowane mako. A nan za su iya zaɓar dattijuwa ko malama da za ta kai maganarsu ta kuma dawo musu da amsa.

Abin da aka faɗa game da makarantun gwamnati ya shafi makarantun Islamiyya da jama'ar Arewa suka kafa da kansu a Kudu. Da yawa daga cikinsu wani bawan Allah ne ya ba da fili ko ya gina, Allah ya saka masa. Amma sau nawa aka ga mai makaranta ya rasu, magada sun shiga rabon gado, malamai sun watse saboda babu albashi, yara sun koma titi? Makarantar da ke tsaye a kan mutum ɗaya, da shi ta ke faɗuwa. Tun yana da rai ya kamata a rubuta waƙafi, a naɗa amintattu, a buɗe littafin shiga da fita, a sa iyaye da malamai a ciki.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Kada kwamiti ya zama wata sabuwar hanyar tatsar talaka da sunan gudummawa, har a kori yaro don ubansa bai biya ba, domin doka ta ce karatun nan kyauta ne. Kada kuma gwamnati ta fake da kwamiti ta sauke nauyinta a kan jama'a. Dokar 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na haɗaɗɗen asusun kuɗin shiga na Gwamnatin Tarayya domin ilmin tushe, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa, kuma hukumar U.B.E. ta sha kokawa cewa jihohi da dama suna barin kuɗin a ajiye saboda sun ƙi cika sharaɗin. Kwamitin da ya san wannan ba zai tsaya ga roƙon buhun siminti kawai ba, zai tambayi ɗan majalisa da kwamishina ina aka kwana. Ita wannan doka kuma ba ta ƙyale iyaye ba: wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta, karo na farko gargaɗi, na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Ko da ba a cika zartar da ita ba, ta nuna wa a ke tuhuma.

Akwai wata riba ta ƙarshe da ba a rubuta a takardar kowa ba. Mazauna Kudu ba su manta da Shagamu a 1999 ba, ko Idi-Araba a 2002, ko Mile 12 a 2016, ko kasuwar Shasha ta Badun a 2021. Kowane lokaci sai bayan an yi asarar rayuka da dukiya a ke tara shugabannin ƙabilu a ɗaki ɗaya. Kwamitin makaranta yana cikin wurare ƙalilan da ɗan gari da baƙo za su zauna tun ba a yi faɗa ba, a kan abin da dukansu ke so, watau 'ya'yansu. Mutanen da suka haɗa hannu suka gyara makewayin makaranta ba su da saurin jifan juna, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka wannan shafi yana kira ga Sarakunan Hausawa da majalisunsu, da limaman masallatai, da shugabannin kasuwannin shanu da na gwari da na canji, kafin zangon karatu mai zuwa kowace unguwa ta lissafa makarantun da 'ya'yanta ke zuwa, ta tura mutum biyu su gaida hedimasta, su tambaye shi ko akwai kwamiti, su waye a ciki, yaushe zai zauna. In akwai, a nemi kujera, a zaɓi mai gaskiya mai haƙurin zama, ba lalle sai mai kuɗi ba. In babu, a kai magana ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma cikin ladabi, a rubuce. Wanda aka tura kuma ya dawo ya ba da rahoto a masallaci ko a fada, don kada wakilci ya koma sarauta.

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ke aji ɗaya bana, nan da shekara tara ya gama ƙaramar sakandare ko ya gama lalacewa, ko ubansa ya je taro ko bai je ba. Allah ya sa a ji, ya kuma shirya zuri'a baki ɗaya, amin.